Sassan Kwamfuta da Yadda Za Ku Kula da Su

Kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, tana karɓar bayani, ta sarrafa shi, ta adana shi, ta kuma fito da shi idan an buƙata. Idan kun san aikin kowane sashe nata, ba za a cuce ku wajen saye ba, kuma aikinku ba zai salwanta ba.

Sassan shigar da bayani

*Allon madannai:* da shi ake rubutu. Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasar Hausa. Na tsarin Faransa, wanda aka saba da shi a Nijar, layin haruffansa na sama yana farawa da A Z E R T Y. Na tsarin Ingilishi, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, yana farawa da Q W E R T Y. Ku duba kafin ku saya. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su da madannai nasu a ko ɗaya, sai an saka wa kwamfutar tsarin rubutun Hausa.

*Linzami:* ƙaramin abin da ake turawa da hannu don nuna wuri a fuskar kwamfuta. Wasu na kiransa ɓera saboda kamanninsa. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi, ya nuna wa jama'a a 1968.

Sassan da ke cikin akwati

*Firosesa:* ita ce ke yin lissafi da zartar da umarni. Tana zafi sosai, shi ya sa ake ɗora mata fanka.

*Ram:* ƙwaƙwalwar wucin gadi ce. Kamar allon makaranta take: ana rubutu, ana wankewa. Da zarar wuta ta ɗauke, duk abin da ke cikinta ya goge.

*Faifan ajiya:* shi ne rumbun kwamfuta. Abin da kuka adana a ciki yana nan ko an kashe ta. Saboda haka, idan kuna rubutu, ku riƙa adanawa a kai a kai.

Sassan fitar da bayani

Fuskar kwamfuta tana nuna rubutu da hoto. Firinta tana buga su a takarda. Lasifika tana fitar da murya. Filashi kuwa ɗan ƙaramin ma'aji ne da ake sokawa a kafar USB don ɗaukar aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Kula da kwamfuta a Gure

Garin Gure yana gabas da Damagaram, a kan hanyar Diffa, a yanki mai tuddan rairayi da iska. Abubuwa uku ne ke kashe kwamfuta a irin wannan wuri:

1. Ƙura. Lokacin hunturu tana toshe fanka. Ku rufe kwamfuta da ƙyalle mai tsabta bayan kun kashe ta, amma kada ku rufe ta tana aiki.
2. Zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ku ajiye ta a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada ku ɗora ta hannu a kan katifa.
3. Wuta. Hawa da saukar lantarki na ƙona sassa. Ku haɗa ta da na'urar daidaita wuta, ko akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintoci, don ku samu damar adana aiki.

Kafin ku sayi tsohuwa

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku sa a kunna ta a gabanku. Ku danna kowane harafi, ku gwada kafofin USB, ku saurari fanka. Idan ta hannu ce, ku zare wayar caji ku ga ko batirin yana riƙe wuta. Takardu masu muhimmanci kuwa, ku ajiye kwafinsu a filashi, domin faifan ajiya ma yana lalacewa.