Wa ke da izinin yin kwangilar gini a Zuru?

Duk wanda zai yi gini a garin Zuru na jihar Kebbi, ko ɗaki biyu ne na zama ko bene na kasuwanci, yana ƙarƙashin hukumomi uku: gwamnatin tarayya, da gwamnatin jiha, da kuma ƙaramar hukuma.

Sai dai a Najeriya babu wani lasisi guda ɗaya da ɗan kwangila zai karɓa ya yi aiki da shi a ko'ina. Abin da ake da shi shi ne dokoki daban-daban, kowace da ɓangaren da ta shafa.

Rajistar ƙwararru

Gwamnatin tarayya ce ke yi wa masu sana'a rajista ta hannun majalisu na musamman.

An kafa majalisar masu zanen gine-gine, ARCON, a 1969, ta injiniyoyi, COREN, a 1970, sannan ta ƙwararrun magina, CORBON, a 1989. Laifi ne mutum ya kira kansa injiniya ko mai zanen gini, yana karɓar aiki da wannan suna, ba tare da rajista ba.

Wannan rajista dai ta mutum ce da iliminsa. Shi kuwa kamfanin kwangila, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ce ke ba shi takarda, kuma takardar shaida ce kawai cewa kamfanin ya kafu bisa doka. Ba ta tabbatar da cewa ya iya gini ba.

Kwangilar gwamnati

Sharuɗɗa sun fi tsauri ne a ayyukan gwamnati. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sanya hannu a kan dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangila, wadda ta kafa hukumar BPP.

Dokar ta buƙaci a yi gasa a fili, kuma mai neman aiki ya nuna shaidar biyan haraji, da ƙwarewa, da kayan aiki.

To amma dokar ta shafi ma'aikatun tarayya ne, da ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu ya fito daga asusun tarayya. Saboda haka aikin gini a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru yana ƙarƙashinta, amma makarantar da jiha ta gina da kuɗinta, ƙa'idojin jiha take bi.

Ikon jiha

A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane mai lamba 88 domin ƙasar baki ɗaya.

Jihar Legas ta ƙalubalanci dokar, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane da bayar da izinin gini haƙƙin jihohi ne, in ban da Abuja.

Wannan ne ya sa Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, wanda ya ce ƙwararren magini mai rajista ne zai kula da aiki da ma'aikatansa, ba ya zama tilas a wata jiha sai ta mayar da shi dokarta.

A Kebbi, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1991, hukumar raya birane ta KUDA ce ke kula da ƙa'idojin gini a birane.

Ƙaramar hukuma da sarakuna

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon bayar da filaye a karkara.

Tsarin mulkin 1999 ya ba su kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da magudanan ruwa, da raɗa wa tituna suna. Bai ambaci bai wa 'yan kwangila lasisi ba.

A ƙauyukan masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, da Fakai, da Danko/Wasagu, da Sakaba, akasari mai unguwa ko dagaci ne ke shaidar iyakar fili da sasanta maƙwabta.

Waɗanda ba a tambayarsu takarda

A aikace, birkila ko kafintan da ya koyi sana'a a hannun maigidansa ba ya neman lasisi kafin ya karɓi ginin gida. Haka shi ma mai gidan da ya sayi bulo da siminti, ya tsaya a kan aikinsa da kansa.

Wasu ƙasashe sun rubuta irin wannan sassauci a dokokinsu. A Amurka, jihar Kalifoniya ta ɗauke wa ƙananan ayyukan da ba su kai dala 1,000 ba wajabcin lasisi daga 2025, yayin da jihar Texas ta bar batun a hannun birane.

Amfanin sassaucin shi ne talaka yana iya gina gidansa da sauƙi, masu sana'ar hannu kuma suna samun abin yi. Haɗarin yana zuwa ne idan aka ɗora bene a kan harsashin da ba a auna ƙarfinsa ba, ko aka rage rodi da siminti.

A watan Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas, mutane fiye da 40 suka mutu. A watan Agustan 2022 kuma wani bene da ake ginawa ya rufta a kasuwar Beirut da ke Kano.

Tun da babu lasisin da zai tantance ɗan kwangila, kariyar da ta rage wa mai gini a Zuru ita ce izinin gini daga hukuma, da zanen da ƙwararre mai rajista ya sanya wa hannu, da kuma rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu.