Wa Ya Ɗauki Nauyin Karatu a Zangon Kumasi?

A 1817, da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya isa Kumasi, ya tarar da Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba, yana karantar da yara wajen 70. Fatauci ne ya riƙe irin waɗannan malamai, sai kuma kyautar fadar Asantehene (sarkin Asante) Osei Bonsu, wadda suke rubuta wa wasiƙu da layu.

Zangon da aka sani yau daga baya ya kafu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken goro, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma Hausawa da sauran 'yan arewa suka yi ta kwararowa. A wancan zamanin, maigida mai saukar da fatake shi ke ba malam zaure da tuwo, iyaye su kawo ɗan abin sadaka. Ba a korar yaro don ubansa ba shi da ko sisi. Littafi kuwa aronsa ake yi, ɗalibi ya kwafa da hannunsa ya mayar wa mai shi, shi ma wani ya ara a wurinsa. Haka rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, suka shiga gidajen zango.

Boko ya zo ta hannun mishan, iyaye suka ja baya don tsoron addinin 'ya'yansu. Daga baya Ahmadiyya ta buɗe sakandarenta a Kumasi a 1950, Alhaji Baba al-Wa'iz ya kafa makarantar Wataniyya. Sai a 1987 gwamnatin Ghana ta kafa Sashen Ilimin Musulunci, ta riƙa tura malaman boko makarantun Islamiyya tana biyansu albashi. An ci riba sosai. Amma malaman Larabci da yawa, waɗanda saboda su ne iyaye suka yarda suka kawo yaran, an bar su suna dogaro da abin da iyaye suka iya tarawa, kuma wannan ba adalci ba ne.

Akwai aikin da ya kamata masu ba da tallafi su waiwaya. Bayan 1960, Ivor Wilks na Cibiyar Nazarin Afirka a Legon da Alhaji Usmanu Boyo sun bi gidajen malamai suna aron littattafai, su ɗauki hotonsu, su mayar wa masu su. Ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami suka tsira ta haka, ba tare da an raba kowa da gadonsa ba.

Majalisar Ghana ta amince da Asusun Raya Zango a 2017, an gina ajujuwa da filayen ƙwallo. Gini abu ne mai kyau, sai dai alawus ɗin malamin Larabci da ɗaukar hoton takardun da ke cikin akwatunan iyalai a unguwannin Aboabo da Asawase sun fi gaggawa, tunda gara da damina ba sa jiran kasafin kuɗi, dattawan da ke iya karanta rubutun hannun magabata kuma suna ta raguwa.