Manjo Whittlesey da Bataliyar da Aka Ce Ta Ɓace

A ranar 2 ga Oktoba, 1918, ana dab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Manjo Charles Whittlesey ya ja sojojin Amurka kimanin 550 zuwa wani kwari a dajin Argonne, a arewa maso gabashin Faransa. Ranar 8 ga watan, mutum 194 ne suka fito da ƙafafunsu. Sauran kuwa, wasu sun mutu, wasu an ɗauko su da raunuka, wasu sun faɗa hannun Jamusawa.

Whittlesey ba soja ba ne tun asali. Lauya ne a birnin New York, ya yi karatu a Harvard. Yawancin mutanensa ma 'yan birnin ne da aka ɗauka aikin soja na dole a runduna ta 77, da yawansu 'ya'yan baƙin haure.

Umarnin da aka ba shi shi ne ya kutsa gaba, kada ya tsaya jiran kowa. An sa ran Faransawa za su taho ta hagunsa, wasu Amurkawa ta damansa. Ɓangarorin biyu duk suka cije, shi kaɗai ya kai inda aka ce ya kai. Kafin gari ya waye, Jamusawa sun zagayo sun toshe hanyar baya.

Daga nan sai kwana biyar na ƙunci. Abinci ya ƙare. Ruwa na nan kusa, amma bindigogin Jamusawa na kallonsa, wanda ya je ɗebowa ya sayar da ransa. Jiragen da aka aiko su jefa guzuri suka riƙa zubar da shi a ɓangaren abokan gaba. Aka koma cire bandeji daga jikin matattu ana ɗaure wa masu sauran numfashi. Ranar 4 ga watan, igwogin Amurka da kansu suka yi musu ruwan wuta bisa kuskure. Tattabaru kaɗai suka rage musu na aika saƙo, kuma a cikinsu ne wadda ake kira Cher Ami ta yi suna.

Ranar 7, Jamusawa suka aiko wani fursunan Ba'amurke da takardar neman su miƙa wuya. Whittlesey bai ba da amsa ba. Ya dai sa aka naɗe fararen ƙyallayen da suke yi wa jirage alama, don kada a ɗauka tutar saranda ce. Da yammacin ranar ɗauki ya iso.

Jaridu ne suka raɗa musu sunan Bataliyar da Ta Ɓace, alhali ba ɓata suka yi ba: suna daidai inda aka tura su, kuma manyansu sun san wurin. Jaridun suka kuma yaɗa cewa ya mayar wa Jamusawa baƙar magana, abin da shi kansa ya musanta. Aka ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar, aka ba shi lambar jarumta mafi daraja a Amurka.

Ƙasa ta sami gwarzo, gwarzon kuwa bai sami hutu ba. Ya koma aikin lauya, amma gayyatar jawabai da buƙatun tsofaffin sojojinsa da na iyalan mamata ba su bar shi ya rabu da dajin Argonne ba. Jama'a na yaba masa don 194 da suka fito, shi kuma shi ne ya ba da umarnin tsayawar da ta ci sauran.

Ranar 11 ga Nuwamba, 1921, yana cikin masu rakiyar gawar sojan da ba a san ko wane ne ba zuwa maƙabartar Arlington. Mako biyu bayan haka ya shiga jirgin ruwa mai suna Toloa, daga New York zuwa Havana. Daren 26 ga watan aka yi masa gani na ƙarshe. A ɗakinsa aka tarar da wasiƙun da ya bar wa 'yan uwa da abokai. An yi ittifaƙin cewa teku ya faɗa, kuma ba a ga gawarsa ba. Yana da shekara 37.