Santsi da Kaushi a Bakin Rijiya

Mene ne gogayya?

Duk lokacin da abubuwa biyu suka gogi juna, akwai wani ƙarfi da ke hana su zamewa. Wannan ƙarfi shi ake kira gogayya. Kaushi yana ƙara ta, santsi yana rage ta. Nauyi ma yana ƙara ta, kamar yadda wani masani ɗan ƙasar Faransa, Guillaume Amontons, ya bayyana a shekarar 1699. Ba don gogayya ba, da ba ku iya tsayuwa da ƙafafunku. Amma kuma ita ce ke cinye igiya da itace. Saboda haka ya kamata ku san inda za ku rage ta da inda za ku ƙara ta.

Inda ya kamata a rage

A Tagriss da sauran yankunan Dakoro, a jihar Maraɗi, rijiyoyi suna da zurfi, har sau da yawa sai an sa jaki ko raƙumi ko sa ya ja guga. Ku dubi itacen bakin tsohuwar rijiya, za ku ga ramukan da igiya ta yi masa. Yadda igiya ta ci itace, haka shi ma yake cin igiya. Ranar da ta tsinke, an yi asarar guga, wani lokaci har mutum ya ji rauni.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku ɗora igiya a kan kura, domin abin da ke juyawa ya fi abin da ake ja a kan itace sauƙi.
2. Ku shafa kitse ko man gyaɗa kaɗan a sandar da kurar ke juyawa a kanta. Idan kun ji tana kuka, mai take nema.
3. Ku goge yashi tukuna. Yashi da mai in sun haɗu, sai su riƙa cin itace da ƙarfe.
4. Kada ku kawo baƙin man mota kusa da rijiya, domin yana ɓata ruwan sha.

Inda ya kamata a ƙara

Daɓen siminti na kewayen rijiya yana jiƙe kullum. Ruwa da laka da gansakuka suna mai da shi santsi, ga mace ɗauke da tulu, ga yara suna guje-guje, ga bakin rami kusa. Nan kaushi ake so.

1. In ana sabon daɓe, ku ce wa magini ya ja tsintsiya a kansa kafin ya bushe.
2. Ku tabbata daɓen yana da gangare kaɗan da magudana, don kada ruwa ya kwanta.
3. Ku riƙa kankare gansakuka da yashi da tsintsiya mai ƙarfi.
4. Kada ku yi wanki da sabulu a kan daɓen.
5. Ku guji takalmin da ƙasansa ya suɗe.

A gida da kan hanya

Dutsen niƙa in ya yi sulɓi ba ya niƙa hatsi, sai an koɗa shi. Gindin ƙafar amalanke yana son mai, amma birkin keke ko babur ba ya so ko kaɗan, domin da gogayya yake tsayar da ku.

Ku tuna: mai ga abin da ke juyawa, kaushi ga wurin da ƙafa ke takawa. Ku tattauna wannan da kwamitin rijiyarku, a sa ranar gyara da shara kowane mako.