Tsohon injin zarto: wasu na ajiya, mu muna sara

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke sayen tsofaffin injinan zarto, su wanke su, su jera a ɗaki, ba don yankan itace ba, sai don tarihi. Kamfanin Husqvarna ma yana da gidan tarihi a garin Huskvarna na ƙasar Suwidin. A wajenmu kuwa, tsohon inji na hannu in ya shigo, bakanike ya gyara shi, washegari yana gindin gawo. Ina koyar da waɗanda za su zama malaman gobe, kuma ina ganin wannan bambanci darasi ne da ya kamata iyaye da malamai mu duba.

Injin nan bai kai gatari tsufa ba ko kusa. A 1926 Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki, nauyinsa kusan kilo 50, sai mutum biyu ke riƙe shi. A 1927 Emil Lerp, mai kamfanin Dolmar, ya fito da mai shan fetur. A 1947 Joseph Cox a Amurka ya kawo sabuwar sarƙa, bayan ya lura da yadda tsutsar icce ke cin kututture. A 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra mai kilo 12. Daga wannan zamani mutum ɗaya ya iya yin aikin da a da sai an yi gayya.

Abin lura shi ne, daidai lokacin da inji ke ƙara sauƙi a can, mu a nan itace ke ƙarewa. Farin 1973 da na 1984 sun bar tudun Adar tsirara. Daga 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ranar dashen itace. A shekarar ce kuma ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, wajen Buza, don tare iska. Wannan kwari ne ruwansa ke gangarowa har Birnin Ƙonni. A 1984 aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, yayin da manoman yankin suka fara sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka inganta haƙar tassa, faƙon da aka yanke wa ƙauna ya sake ba da hatsi da inuwa.

Ke nan da yawa daga cikin itatuwan da muke gani yau tsakanin Illela, Malbaza da Ƙonni gumin iyayenmu ne. Mai gatari yakan ɗauki lokaci yana sara, maƙwabta su ji ƙara, dattijo ya iso ya ce, "Haba ɗana, wannan gawon kakanka ya bari." Mai inji kuwa kafin dattijon ya sa takalmi an gama. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, amma doka ba ta kwana a gona.

Ba ina cewa inji mugun abu ba ne. Kafinta na buƙatarsa, haka wanda iska ta kayar masa da icce a kan katanga. Laifin ba na ƙarfe ba ne, na hannun da bai san tarihin abin da yake yanka ba ne.

Shawarata gare mu malamai: mu ma mu yi ajiya. Kowace makaranta ta ware lungu guda, a sa gatarin maƙeri, gizagon masassaƙi, zarton hannu, da mataccen inji in an samu wajen bakanike. A rubuta sunan kowanne da aikinsa. A gayyato tsohon da ya haƙa tassa ya ba yara labari da bakinsa tun yana raye. Ku kuma iyaye, in kun je gona da yaro, ku gaya masa wanda ya raini kowane icce da shekarar da aka bar shi. Yaron da ya san shekarun gawo zai yi tunani kafin ya ja igiyar inji.