Tarihin mutum-mutumi a masana'antu: wane ilimi ne yake tsare wa ma'aikaci aikinsa?

Da yawanmu idan muka ga bidiyon mutum-mutumi yana haɗa mota, sai mu ce shi ke nan, aikin hannu ya ƙare. To bari mu waiwayi yadda abin ya faro.

Mutum-mutumi na farko da ya kama aiki a masana'anta sunansa Unimate. George Devol ne ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger ya tallata shi, kamfanin motoci na General Motors kuma ya girke shi a masana'antarsa da ke jihar New Jersey a Amurka a 1961. Hannu ne guda na ƙarfe, aikinsa ya ɗauko ƙarafan da aka zuba da zafinsu ya jera. Amma ba ya sanin komai da kansa. Sai ma'aikaci ya bi da shi mataki-mataki ya koya masa, idan ya tsaya kuma makaniki ne zai tashe shi.

A wancan lokacin injinan masana'anta da rile ake sarrafa su, wato makunnan nan masu aiki da maganaɗisu, ɗaruruwa a cikin akwati. Duk lokacin da aka canza samfurin mota sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. A 1968 General Motors ya nemi mafita, ayarin injiniya Dick Morley kuwa suka fito da Modicon 084, ƙaramar kwamfutar sarrafa inji irin wadda yau ake kira PLC. Hikimar da aka yi ita ce, an tsara yadda ake ba ta umarni ya yi kama da zanen wayoyin rile da masu gyaran wuta suka saba karantawa, wanda yake kama da tsani. Ka ga ba a kori mai gyaran wuta ba, ilimi aka ɗora masa a kan wanda yake da shi.

Babban darasin ya zo ne a shekarun 1980. General Motors, ƙarƙashin shugabansa Roger Smith, ya zuba biliyoyin daloli wajen sayen na'urori don ya kamo kamfanonin Japan. A 1985 ya buɗe masana'antar Hamtramck a jihar Michigan, cike da mutum-mutumi. Sai ga masu fenti suna fesa wa junansu fenti, masu saka gilashi suna farfasa shi, layin haɗa mota ya yi ta tsayawa ana neman matsala.

A daidai wannan lokacin, wata tsohuwar masana'antar kamfanin da ke Fremont a Kalifoniya, wadda aka rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci, an sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota, aka sa mata suna NUMMI. Galibin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. Ɗaruruwa aka tura Japan horo. An koya musu aiki ƙungiya-ƙungiya, kowa ya iya aikin ɗan uwansa, aka kuma ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga kuskure. Na'urorinsu ba su kai na Hamtramck ba, amma cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun gaba a inganci a duk masana'antun General Motors.

Wannan masana'anta ce Tesla ya saya a 2010. A 2018, da aikin motar Model 3 ya cije, Elon Musk da kansa ya amsa cewa sun wuce gona da iri wajen dogaro da na'ura, sun raina gudummawar mutane.

Ba a ce na'ura ba ta cinye ayyuka ba. Mai ɗauko ƙarfe mai zafi da mai walda iri ɗaya daga safe har yamma, an rage su sosai. Wanda ake nema shi ne wanda ya san lantarki daga tushe, ya iya karanta zanen wayoyi, ya san PLC da sensa da yadda iska ko mai ke motsa inji, ya iya bin matsala har ya gano asalinta, ya kuma kashe wuta ya kulle makunni kafin ya sa hannu a inji.

Don haka ɗan uwa, idan kai mai gyaran wuta ne ko makaniki, ka riga ka ci rabin tafiya. Masana'antun siminti da na lemo duk da PLC suke aiki. Fara da koyon zanen tsani, akwai darussansa kyauta a YouTube. Allah Ya ba da sa'a.