Amanawa: Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

Duk wanda ya saba hawa mota daga Talata Mafara zuwa Sakkwato ya sha wucewa ta Amanawa, jim kaɗan kafin a shiga birni. Yawancinmu ba ma ko ɗaga kai daga waya. Alhali kuwa wurin yana da labarin da ya shafi kakanninmu na Mafara da Bakura da Maradun, tun waɗannan garuruwa suna cikin Lardin Sakkwato, tun babu zancen Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996.

Mu Hausawa mun iya gaisuwar mutuwa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, maƙwabta su yi ta shigo da kwanukan abinci. Amma akwai rashin da ba mu tanadar masa tabarma ba: na mutumin da kuturta ta cinye wa yatsu, fartanya ta gagare shi riƙewa, aure ya mutu, alhali yana numfashi. Gaskiya ne ba mu kori kutare daga gari ba, har sarautar Sarkin Kutare gare mu, muna kuma ba da sadaka. To amma jefa kwabo a ƙoƙo daban, zama kusa da mutum a ji kukansa daban. Karin maganarmu ma ta tona mana asiri: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wato sai da kuɗi ake ganin mutuncinsa.

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Wajen 1937, zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, hukumomin En'e suka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da sansanonin kutare: Amanawa a Sakkwato, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina. Daga baya aka buɗe irinsu a Danja, kusa da Maraɗi.

Abin lura shi ne, a wancan lokaci ba su da maganin kirki. Allurar man wani icce na Indiya ake yi, mai suna calmugura, ga zafi ga ƙarancin amfani. Sai a ƙarshen shekarun 1940 Dakta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, cewa ƙwayar dafson tana aiki. Ke nan an yi shekara goma da wani abu babban abin da ma'aikatan Amanawa ke iya bayarwa shi ne wanke gyambo, da ɗaure shi, da zama da mutumin da ya baro danginsa tafiyar kwanaki. Ba ɗan'uwansu ba ne, ba addininsu ɗaya ba. Su a wurinsu wannan ibada ce, domin Linjila ta ba da labarin Yesu Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ta kuma horar da mabiyansa su tarayya da mai baƙin ciki a cikin baƙin cikinsa. Musulmin da ke kwance a wurin ma labarin ba baƙo ba ne gare shi, don Alƙur'ani ya ambaci Annabi Isa yana warkar da kuturu da izinin Allah.

Kada mu shafa wa tarihin zuma. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa suna neman mabiya ba, kuma akwai ayar tambaya a kan yi wa mutum wa'azi a ranar da ba shi da inda zai je. Ana raba jarirai da iyayensu masu ciwo don gudun kamuwa, wannan ma wani makoki ne da su masu lallashin suka haddasa da hannunsu. Sarakuna sun yi ta nuna damuwa kan yaran da ke tashi a hannun mishan. Wasu majinyata sun zama Kirista, da yawa sun ci gaba da sallarsu. Duk da haka, idan aka tambaye mu wa ya riƙe hannun da babu yatsu a shekarun nan, ba za mu iya cewa mu ne ba.

Mu da sana'armu ta zama rubuta manhaja mun san halin rajista: abin da ba a buɗe wa gurbi ba, ba ya shiga lissafi. Ana iya ƙidaya wanda aka kwantar da wanda aka sallama. Babu gurbin daren da wata nas ta kwana a gefen tabarmar baƙo. Yau kuwa muna rubuta "Allah ya jiƙan rai" a Facebook ga mutanen da ba mu taɓa gani ba, mu wuce zuwa hoto na gaba.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna masu warkar da kuturta sarai, yanzu kyauta ake ba da su. Amanawa ta zama asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Jihar Sakkwato. A 2020, da korona ta shigo, can aka riƙa killace waɗanda aka hana danginsu kusantarsu.